Na ɗauki waya ta biya kaɗan-kaɗan a Ikeja, zan iya mayarwa in fasa?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in maimaita tambayar a taƙaice saboda masu karantawa. Kace ka shiga wani shago a Computer Village Ikeja ka ɗauki sabuwar waya wadda kuɗinta hannu da hannu naira 180,000 ne, amma a tsarin biya kaɗan-kaɗan, ka ajiye 54,000 kafin alƙalami, sauran kuma 29,000 duk wata har wata 6. Da ka koma Agege ka zauna ka buga lissafi sai kaga abin ya tashi 228,000, wato ƙarin 48,000 kenan, sannan wayar tana ɗaukar zafi in tana caji kuma tana mutuwa da kanta. Ka koma bayan kwana 5 suka nuna maka rubutun da ke ƙasan rasit cewa ba a mayar da kuɗi bayan an biya, shi kuma wani ɗan'uwanka da ke Ingila yace maka ai doka ta ba ka kwana 14 ka fasa ko babu dalili.

Toh ni lauya ne a nan Legas kuma rigimar waya da bashi ba baƙuwa bace a wajenmu, don haka zan gaya maka yadda abin yake a takarda da kuma yadda yake tafiya a kasuwa, don ba kullum suke zama ɗaya ba.

Maganar kwana 14 ɗin nan mu fara sauke ta. Dokar Ingila ce, ta shekarar 2013, kuma ko a can ɗin ma ba ta shafi wanda ya taka da ƙafarsa ya shiga shago ya sa hannu ba. An yi ta ne saboda wanda ya saya ta intanet ko ta kiran waya ko wanda ɗan talla ya same shi har gida, saboda shi bai samu damar riƙe kayan ya jujjuya ba. Wanda ya ɗauki waya a kan kwantiragin biya duk wata a cikin shago a Landan in ya canza ra'ayi sai dai ya duba ko kamfanin da kansa ya yi masa alfarmar wasu kwanaki a cikin kwantiragin, wasu suna yi wasu basa yi, in babu kuma yace sai ya fita to zai biya kuɗin fita da wuri wanda yawanci kusan kuɗin watannin da suka rage ne. Abin da suke da shi mai ƙarfi a can shine dokar 2015 wadda ta ba mutum kwana 30 ya mayar da kaya in ya samu aibi a jiki ya karɓi kuɗinsa. Kaga kenan ko da a Ingila kake, a kan mayar da wayar da aka saya a cikin shago ɗan'uwan naka bai faɗa maka daidai ba, balle kai kana Legas kuma a Otigba, wato cikin Computer Village, ka yi cinikin. Dan Allah kar ka je shagon kana ɗaga murya kana cewa kwana 14, dariya za su yi maka kuma daga nan sun raina duk abin da za ka faɗa a gaba har da mai ƙarfin.

Mu a Najeriya dokar da ke riƙe da wannan fage ita ce dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa FCCPC, hukumar kare masu saye ta tarayya, a madadin tsohuwar hukumar CPC. A cikinta babu wani sashe da yace in ka sayi lafiyayyen kaya a shago, ka gani ka taɓa ka biya ka tafi da shi, za ka iya dawowa kawai don ranka ya daina so. Akwai sashe na 120 da mutane ke yawan kawowa, amma shi yana magana ne kan abin da ka yi oda ko ka kama tun kafin a ba ka, misali ka ba da kuɗi a kawo maka waya sati mai zuwa sai ka fasa kafin ta iso, nan kana da haƙƙin fasawa su kuma su cire wani abu daidai gwargwado na ɗawainiya. Kai taka wayar tana aljihunka, an yage ledar kwali, an sa layi, don haka wannan sashen ba naka bane.

Shi yasa abu na farko da nake so ka gane shine a cikin saƙonka dalili biyu ka haɗa wuri ɗaya, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Na farko nadama ce, kuɗin ya yi maka yawa. Na biyu aibi ne, waya tana zafi tana mutuwa. In ka shiga shago da na farko roƙo kake yi, mai shago in ya ga dama ya karɓa in bai ga dama ba babu kotun da za ta tilasta shi, irin abin nan ne da malamanmu ke kwaɗaitar da ɗan kasuwa ya yi wa wanda ya yi nadamar ciniki, lada ne gare shi amma ba dole ba. In ka shiga da na biyu kuwa haƙƙinka kake nema. Kuskuren da na fi gani wajen mutanenmu shine su fara da "wallahi oga kuɗin ne ya min yawa", sai an ƙi sannan su ce "ai ma wayar tana da matsala", toh daga nan duk wanda ke wurin ya ɗauka ƙirƙiro matsalar ka yi don ka kuɓuce wa bashi. Tunda da gaske wayar tana mutuwa, a kan wannan za ka tsaya, maganar tsada ka bar ta a cikinka tukuna.

Ga abin da dokar ta ba ka a kan aibi. Sashe na 131 yace mai saye yana da haƙƙin a ba shi kaya mai inganci, mai aiki yadda ya kamata, marar aibi, wanda zai yi ƙarko na lokacin da hankali zai ɗauka. Sashe na 132 kuma yace duk ciniki yana ɗauke da wannan garantin ko an rubuta ko ba a rubuta ba, kuma cikin wata 3 da karɓar kaya in ya gaza za ka iya mayar wa wanda ya sayar maka ba tare da an ci ka tara ba, ɗawainiyar ma a kansa take, shi kuma ya gyara ko ya canza ko ya mayar da kuɗi. Lura da kyau, abu uku aka jera, don haka kar ka sa a ranka cewa dole sai kuɗi a ranar farko, mafi yawan shaguna da gyara ko canji za su fara kuma in suka canza maka sabuwa mai lafiya to maganar aibi ta mutu, bashin yana nan. Wannan gaskiya ce mai ɗaci amma gara ka ji ta daga yanzu. Sannan akwai sashe na 145 wanda mutane da yawa ba su san da shi ba, yace in aka yi zargin kaya yana da aibi to nauyin kawo hujja yana kan wanda ya sayar, ba kai ne za ka ɗauko injiniya ya rantse ba, su ne za su nuna lafiyarta ƙalau ko kuma kai ka lalata ta.

Shi kuma rubutun ƙasan rasit ɗin, wanda kusan duk ɗan littafin rasit da ake bugawa a Legas yana ɗauke da shi da ƙananan baƙaƙe, sashe na 129 ya riga ya gama da shi, domin ya hana duk wani sharaɗi da zai ƙwace wa mai saye haƙƙin mayar da kaya mai aibi, kuma irin wannan sharaɗin a idon doka kamar ba a rubuta shi ba. A 2022 wata babbar kotu a Enugu ta yanke hukunci a kan wani kamfanin motocin haya da ya ƙi mayar wa fasinja kuɗin tikiti yana fakewa da irin wannan rubutu, kotu tace tsarin ya saɓa wa wannan doka har ta sa shi biyan diyya. Amma kar a juya maganar, rubutun ya faɗi ne a inda akwai aibi ko ba a ba ka abin da ka biya ba, ba wai yana nufin kowa ya mayar da komai duk sanda ya ga dama ba.

Yanzu ga inda abin yake da sarƙaƙiya, kuma nan ne nake so ka natsu sosai. Kai a ganinka ciniki ɗaya ka yi, da mai shago. A takarda kuwa yawanci biyu ne, wani lokacin uku. Ka tuna ranar, bayan ka zaɓi waya ai ba yaron shagon ne ya ƙarasa da kai ba, wani ne ko wata da rigar kamfani a gefen kanta riƙe da waya ko tablet, ya karɓi NIN ko BVN ɗinka, ya ɗauki hotonka kana riƙe da kati, ya nemi lambar mutum biyu ko uku da suka san ka, sannan yace "wata lamba za ta shigo wayarka yanzu, karanto min". Ka karanto, ya danna, ya juyo maka da sikirin ya nuna maka inda za ka taɓa ko ka ja yatsa, rubutu mai tsawo da Turanci ya wuce fuuu babu wanda ya karanta, ana ta hayaniyar janareta da masu kiran kwastoma a waje. Toh wannan lambar da ka karanto da wannan taɓawar su ne sa hannunka a kan yarjejeniyar bashi, kuma ba da mai shago ka ƙulla ta ba, da kamfanin ba da lamuni ne. A mafi yawan irin wannan tsari kamfanin yana biyan mai shago cikon kuɗin wayar, shi mai shago ya gama nasa, kai kuma ka koma mai bin umarnin kamfanin duk wata, kuma akwai manhajar da suka dasa a wayar wadda za ta kulle ta in ranar biya ta wuce.

Abin da wannan ke nufi shine in ka je ka dire wayar a kan kanta ka juya ka tafi kana cewa na mayar musu da kayansu, wallahi ba ka mayar da komai ba. Ranar biya na zuwa za a nemi 29,000, ba ka da waya ba ka da 54,000 ɗinka kuma sunanka yana kan bashi. Shi mai shago zai ce kai ka bar ta da kanka, kamfanin lamuni zai ce shi bai san zancen ba. Kar ka saki wayar nan ga kowa sai da takarda, ko ta karɓar gyara mai ɗauke da kwanan wata da lambar IMEI, wato lambar shaida da kowace waya ke da tata, da bayanin halin da wayar take ciki, cewa sikirin bai fashe ba kuma ba alamar ruwa, ko kuma takardar da ke cewa an karɓe ta gaba ɗaya an rufe bashin.

Tunda na ambaci IMEI, yau ɗin nan ka danna *#06# ka ga lambar da za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali da wadda aka rubuta a rasit in an rubuta. In suka saɓa to maganar ta canza gaba ɗaya, don akwai yiwuwar ba sabuwa aka ba ka ba, an sa ta hannu ko gyararriya a sabon kwali an manne leda, kuma sashe na 117 ya wajabta wa mai sayar da kayan hannu ko wanda aka sabunta ya bayyana hakan a fili. Wanda ya sayar maka da tsohuwa da sunan sabuwa ya yaudare ka, kuma a nan kana da ƙafar tsayawa ka ce ba gyara kake so ba, warware cinikin kake so. Waya sabuwa fil da ke mutuwa da kanta a satin farko dole mutum ya yi wannan binciken.

Sai maganar ƙarin 48,000. In an nuna maka jimillar a sikirin ko a saƙon tes kafin ka amince, to tsada kaɗai ba ta warware yarjejeniya. Amma in ejan ɗin ya ce maka babu ƙari, ko ya faɗi wani adadi daban da wanda ya fito daga baya, ko ya ɓoye maka cewa za a riƙa kulle wayar, wannan bayanin ƙarya ne kuma sashe na 125 ya hana. Akwai kuma wani sashe da ya shafi mutanenmu kai tsaye, na 124, wanda ya hana ɗan kasuwa ko wakilinsa ya yi amfani da rashin karatun mutum ko rashin fahimtar harshen da aka rubuta yarjejeniya da shi don ya ci da guminsa, sannan sashe na 114 yace bayani ya zama a harshe mai sauƙi da mutum zai gane. Bahaushe nawa ne a Mile 12 ko Alaba Rago ko Idi-Araba da ke juya miliyoyi a kasuwa, lissafi a ka kamar kwamfuta, amma in ka miƙa masa shafi 6 na Turancin lauyoyi ba zai gane ko layi ɗaya ba, kuma ejan yana gani ya sani sarai. Sai dai ina gaya maka gaskiya, wannan hujjar tana buƙatar shaida, wanda ya raka ka ya ji abin da aka faɗa, ko saƙon murya na WhatsApp, ko takardar talla da aka ba ka. In daga kai sai shi ne, kai kace ya faɗa shi yace bai faɗa ba, takarda ce za ta yi nasara. Kuma in kana karanta Turanci lafiya lau kar ka je kace ba ka iya ba, ana ganewa.

Wani zai ce maka ai akwai dokar sayen kaya kashi-kashi ta 1965 wadda ta ba mutum damar mayar da kaya ya fita. Akwai ta, amma in ka cire motoci, kayan da ta rufe sai wanda kuɗinsa bai wuce naira 2,000 ba, adadin da yau ko caja mai kyau ba zai saya maka ba, don haka ka manta da ita.

Toh me za ka yi a aikace. Kafin ka sake taka Ikeja ka ari wayar wani ka ɗauki bidiyon taka tana caji har ta mutu, a ga lokaci, in ta yi sau biyu ka ɗauka sau biyu. Ka yi caji da cajar da ta zo a kwali ba ta bakin titi ba don kar su samu abin faɗa. Ka ɗauki hoton rasit gaba da baya, da kwali, da alat ɗin 54,000, ka shiga manhajar kamfanin lamunin ka nemo yarjejeniyar ka ɗauki hoton kowane shafi, in ba ka gan ta ba ka kira su kace a turo maka, haƙƙinka ne. A cikinta ka nemi wurin da ke maganar mayar da waya, da wurin biyan bashi gaba ɗaya kafin lokaci, da abin da zai faru in wayar tana wajen gyara. Wasu kamfanonin da kansu suna sa 'yan kwanaki na mayarwa ko canji a cikin sharuɗɗansu, in naka yana da shi to ka samu hanya mafi sauƙi kuma kwanakin suna tafiya, shi yasa ba a jinkiri.

Sannan ka rubuta ƙorafi, gajere, ba zagi ba barazana. Ranar da ka saya, sunan waya da IMEI, abin da take yi, ranar da ka koma aka ƙi sauraronka, abin da kake nema, da wa'adin kwana 7. Ka tura wa shagon ta WhatsApp ko imel ka kuma kai kwafi a hannu, ka tura irinsa ga kamfanin lamuni ka karɓi lambar ƙorafi. Mutanenmu suna raina rubutu, sun fi yarda da a je a yi magana ido da ido a tafa, kuma a tsakaninmu hakan yana aiki, amma a nan ranar da ka fara rubuta ƙorafi ita ce za ta nuna cewa kana cikin wata 3 ɗin nan, ko da sun ja ka har wata 5 suna cewa dawo gobe manaja baya nan. In za ka koma ka tafi da mutum ɗaya mai natsuwa wanda ke jin Turanci ko Yarbanci, ba tawagar samari ba, ka nemi manaja ko mai shagon kansa don yaron kanta ba shi da ikon mayar da ko sisi.

Kusan tabbas za su ce ka kai ta ofishin garanti, in Tecno ce ko Infinix ko itel za su ce Carlcare, in Samsung ce su ce cibiyar gyaran Samsung. Ba laifi bane ka je, har ma yana da amfani don takardar da za su ba ka mai cewa ga matsalar da aka samu ita ce babbar shaidarka, babu mai shagon da zai yi musu da ita. Amma ka sani garantin kamfanin da ya ƙera waya daban, haƙƙinka a kan wanda ya sayar maka daban, na biyun baya faɗuwa don na farkon yana nan. Abin da ba za ka yi ba ko kusa shine ka miƙa ta ga masu gyaran bakin hanya su buɗe, ana kwance ta garanti ya tashi kuma ka ba shagon amsar da suke nema. Haka masu cewa kawo mu yi mata filashin mu cire makullin kamfani, ka guje su, kuma kar ka sayar da ita ga wani alhali bashi na kanta, nan ne maganar da take ta ciniki za ta iya komawa zargin zamba.

Batun ko ka daina biya, ra'ayina kar ka daina shiru kawai. Na san da ciwo mutum ya biya kuɗin wayar da ke kwance a wajen gyara, amma in ka tsaya ba tare da rubutu ba za a kulle ta, tara za ta hau, kuma ana iya kai sunanka wajen kamfanonin da ke ajiye tarihin masu bashi irin su CRC da FirstCentral, gobe ka je neman lamuni a banki don kasuwarka a ce akwai tabo a BVN ɗinka saboda waya. Ka rubuta musu kace kayan da suka ba da bashi a kai yana da aibi, kana neman su dakatar da ƙirga kwanaki har a warware, in sun ƙi kuma lokacin biya ya zo kana da hali ka biya ka rubuta cewa ka biya ne ba don ka janye ƙorafinka ba. In kuma aka canza maka waya lafiyayya ya rage saura nadamar tsada, ka tambaye su nawa za ka biya in kana so ka rufe bashin yau gaba ɗaya, su ba ka adadin a rubuce, wani lokacin ana samun ragi a kan ƙarin, ka gwada shi da asarar da za ka yi in shagon ya yarda ya karɓa ya yanke maka wani abu, ka ɗauki mai sauƙin.

Su ma suna da iyaka. Bashi ba laifin da ake kama mutum a kai bane, dokar 'yan sanda ta 2020 sashe na 32 ta faɗa ƙarara cewa ba a kama mutum don saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba ta laifi ba kawai, don haka in wani ya kira ka yana cewa zai turo 'yan sanda Agege saboda ka makara da biya, ka ajiye rikodin. Wannan dokar kai ma ta hau kanka, kar ka ɗauko ɗan sanda ka kai shagon don ya karɓo maka kuɗi, kuɗin mai kawai za ka yi asara. Haka in suka fara kiran mutanen da ke cikin wayarka ko tura musu saƙo cewa kai ɓarawo ne, wannan ya saɓa wa dokar kare bayanan mutane ta 2023 kuma FCCPC tun 2022 take bin kamfanonin lamuni masu wannan ɗabi'ar, ka ɗauki hoton saƙonnin ka haɗa da ƙorafinka.

In wa'adin ya cika ba su yi komai ba, a Computer Village akwai ƙungiyar 'yan kasuwar wurin, CAPDAN, kuma sau da yawa mai shago ya fi jin kunyar a kira shi gaban shugabannin kasuwarsa fiye da takardar lauya, don haka ni nakan ce a fara gwada nan. In bai yi ba akwai LASCOPA, hukumar kare masu saye ta jihar Legas, tana Ikeja, tana kiran ɓangarorin biyu a zauna, akwai kuma FCCPC da ke karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, ka loda rasit da hotuna da wasiƙar da ka rubuta. Daga nan sai ƙaramar kotun da'awa da jihar Legas ta buɗe a 2018 a cikin kotunan majistare, tana sauraron da'awar kuɗi har naira miliyan 5, ba dole sai da lauya ba, an tsara ta ne a gama shari'a cikin kwana 60, kuma kafin ka shigar sai ka fara aika wa wanda kake ƙara takardar neman biya, fom ɗin yana wajen rajistaran kotun. A kan waya ta 180,000 ni ba zan ce ka ɗauki lauya ba, kuɗinsa zai iya cin rabin abin da kake nema, ka je da kanka da fayil ɗinka a shirye.

Ban ga ka ambaci tsarin layi da aka haɗa da wayar ba amma saboda wasu, in wayar ta zo haɗe da tsarin data ko kira na wani kamfanin sadarwa da ake cira duk wata, wannan yarjejeniya ta uku ce kuma hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ce ke kula da ita ba shagon ba. Za ka fara kiran 300 ka shigar da ƙorafi wajen kamfanin layin ka karɓi lambar ƙorafi, in ba su warware ba ka kira 622 kyauta ka ba NCC wannan lambar. Mayar da waya baya tsayar da wannan cirar da kansa, sai ka soke ta daban.

In Allah ya sa suka yarda suka karɓi wayar aka fasa, kafin ka miƙa ka kwashe hotunanka da lambobinka, ka cire layi da memori, ka fita daga akawun ɗinka na Google da WhatsApp da manhajar banki. Ka tsaya a wurin har ejan ya kira ofishinsu a gabanka, ka ga saƙo ko imel daga kamfanin lamunin kansa cewa an rufe bashi mai lamba kaza babu sauran ko kobo, maganar baki ta mai shago cewa "za mu gaya musu" ba ta wadatar ba. In ka ba su izinin cirar kuɗi kai tsaye daga asusunka ko ka sa katin ATM ɗinka a manhajarsu ka je bankinka ka soke izinin a rubuce, sannan ranar da ya kamata a cire kashi na gaba ka duba asusun ka tabbatar ba a taɓa ba. Kuɗin kafin alƙalamin kuma a rubuta nawa za a dawo maka da shi da ranar da zai shigo, mai shago ya sa hannu ya buga hatimin shagon.